ALLON MALAM: Sifaniyar Aro a Bakin Tekun Panya

Muna godiya ga waɗanda suka rubuto mana daga Duwala da Yawunde da Ngaundare da Garwa game da maganar kuɗin makaranta da muka yi a watan jiya, kuma in Allah Ya yarda za mu waiwayi wasiƙunsu nan gaba. A wannan wata kuwa za mu ɗan ajiye alli ne mu tsallaka teku.

Abin da ya jawo maganar shi ne wata sabuwar al'ada da ta shigo wa matasanmu masu abin hannu, 'yan kasuwa da ma'aikata. Da an ɗaura aure, ko an sami hutun ƙarshen shekara, sai ka ji an ce wane ya tafi da amaryarsa otel ɗin bakin teku a wani tsibiri. Kafin kwana biyu hotuna sun fara yawo a WhatsApp, ga farin gini mai jan rufi, ga itatuwan kwakwa, ga ango da amarya a gaban wata ƙofa mai baka, a ƙasa kuma an rubuta wai kamar a Sifaniya. Dattawa suna cewa almubazzaranci ne da kwaikwayon Nasara, matasa kuwa suna cewa dattawa ba su waye ba. Wasu iyaye sun nemi jin ta bakinmu. To, tun da gani ya kori ji, kuma Allah Ya nufe mu da kwana uku a irin wannan masauki a hutun Disamban da ya wuce, bisa gayyatar wani tsohon ɗalibinmu da ke aiki a Malabo, bari mu faɗi abin da muka gani da abin da muka fahimta.

Da farko ya kamata mu san cewa wannan sana'a ce babba, kuma tana da asali. Manyan kamfanonin otel na Sifaniya guda huɗu, watau Meliá da Riu da Barceló da Iberostar, duk cibiyarsu tana tsibirin Mayorka ne a cikin Bahar Rum. A can aka koyi saukar da Turawan arewa masu gudun sanyi tun daga shekarun 1950, da aka ƙware kuma sai aka ɗauki sana'ar aka kai ta ƙasashe masu zafi. A 1985 kamfanin Barceló ya buɗe otel a gaɓar Bávaro ta Jamhuriyar Dominikan, sauran suka bi sahu, har yau ga su a Kuba da tsibiran Sal da Boa Vista na Cabo Verde, har ma da Zanzibar. Ƙananan masu otel a ko'ina su ma sai suka shiga kwaikwayon fasalin, domin sun ga yana jawo baƙi. Kwaikwayon ya yi nisa ƙwarai. A kusa da garin La Romana na Jamhuriyar Dominikan an gina wani ƙauye sukutum da duwatsu, mai suna Altos de Chavón, wanda duk mai ganinsa zai rantse tun ƙarni na 16 yake, alhali kuwa a 1976 aka fara gininsa, a 1982 aka buɗe dandalinsa mai cin mutum 5,000.

Mu dai ba mu je da nisa haka ba. Tsibirin Bioko na ƙasar Ikwatoriyal Gini yana nan kusa da mu, kilomita 32 kacal daga gaɓar Kamaru. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin teku a Limbe ran da sama ta washe, ya hango wani dutse tsaye a cikin ruwa, to shi ne Pico Basilé, mai tsawon sama da mita 3,000, ɗan'uwan Dutsen Kamaru ne, duk jerin duwatsu masu aman wuta ne guda. Daga Duwala zuwa Malabo, babban garin tsibirin, jirgin sama bai cika awa guda ba. Kuɗinsu sefa ce irin tamu tun 1985, ba sai ka nemi ɗan canji ba. Amma da ka sauka za ka ji harshe ya sauya, domin ita ce ƙasa ɗaya tilo a Afirka ta kudu da Sahara da Sifaniyanci yake harshen gwamnati. 'Ya'yanmu da suka zaɓi Sifaniyanci a shekara ta uku ta kwaleji, maimakon Jamusanci ko Larabci, su sani cewa karatun nasu yana da kasuwa a bayan gidansu.

ABIN DA KE CIKIN KATANGA

Masaukin da aka sauke mu, wanda ba za mu ambaci sunansa ba don ba talla muka zo yi ba, yana bakin ruwa ne a bayan gari, an kewaye shi da doguwar katanga, da masu gadi a bakin ƙofa. Da ka shiga sai a ɗaura maka wani awarwaron roba a hannu, alamar cewa ka biya kuɗin kwana da na ci da sha gaba ɗaya. Gine-ginen farare tas, rufinsu na jan yumɓu, barandodi masu baka-baka a jere, tagogi da ƙarfe mai lanƙwasa. A tsakiya akwai tsakar gida da aka shafe da tayil mai zane shuɗi da fari, ruwa yana ɓuɓɓugowa daga wani kasko dare da rana, an kewaye shi da itatuwan lemo a cikin tukwane. Kowane sashe an sa masa sunan wani gari na Sifaniya. Da rana tsaka wurin ya kan yi tsit kowa ya kwanta, abincin dare kuwa ba a fara shi sai wajen ƙarfe tara, sa'an nan wani saurayi ya zo da gita ya yi ta kaɗawa har tsakar dare.

Gaskiya ita ce wurin yana da daɗi, kuma ba za mu ɓoye wannan don mu faranta wa dattawa rai ba. Malamin da ya shafe wata uku yana fama da yara tamanin a aji guda, in ya sami ɗaki mai tsabta da iska mai sanyi, ya kwanta ba ya jin kome sai ƙarar igiyar ruwa, to jikinsa zai gaya masa. Mun ga abin koyi kuma wajen tsabta da kiyaye lokaci. In an ce ƙarfe bakwai za a gyara ɗaki, to bakwai ɗin ce, ba a ga ko leda guda a ƙasa ba. Hutu ba haram ba ne, kuma mutumin da ya ɗauki iyalinsa ya kai ta ta ga ikon Allah a bakin teku da halaliyarsa bai yi laifin kome ba.

Sai dai wani abu ya ja hankalinmu tun ran farko. Rairayin da ke gaban otel ɗin fari ne sol, amma da muka taka muka wuce iyakar katanga sai muka ga ya koma baƙi ƙirin kamar garin gawayi. Muka tambayi wani mai share wurin, ya ce ai da mota aka kawo farin aka zuba, domin baƙi ba sa son baƙin rairayi a hoto. Haka ne kuwa, tsibirin dutse mai aman wuta yawancin gaɓarsa baƙa ce, wurin da aka sani da farin rairayi na Allah da Annabi shi ne Arena Blanca a kusa da garin Luba. Ko a Sipopo, unguwar alfarma da gwamnati ta gina don taron ƙolin Tarayyar Afirka na 2011, mai gidaje 52 na shugabannin ƙasashe, bakin tekun da ke wurin ɗan Adam ne ya shimfiɗa shi. Watau dai abin da ake sayar wa baƙo hoto ne da aka tsara. Ba laifi ba ne mutum ya sayi hoto in ya san hoto ya saya. Abin da muke tsoro shi ne yaronmu ya biya kuɗinsa, ya dawo yana ganin ya leƙa Turai, yana raina gidan ubansa, bai san kome game da ainihin ƙasar da ya taka ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

ADON DA BA BAƘONMU BA NE

Mun lura da yadda wasu 'yan'uwanmu suke shiga irin wannan wuri a ɗarare, suna sanɗa kamar sun shiga fadar da ba ta iyayensu ba. To, bari mu gaya musu wani abu da ya kamata a ce an koya musu a makaranta. Musulmi sun shiga Sifaniya a shekarar 711 a ƙarƙashin Ɗariƙu ɗan Ziyadu, wanda har yau dutsen Jibraltar yake ɗauke da sunansa, kuma mulkinsu bai ƙare ba sai da Garnaɗa ta faɗi a 1492. Ƙasar da malamanmu suke kira Andalus ke nan. Tsakar gida dai Rumawa ma sun san ta, amma wannan haɗi na ruwa mai gudana da itatuwan lemo da tayil mai zanen da ba mutum ba dabba, wanda masu otel suke kwaikwaya, a hannun Musulmin Andalus ya kai matuƙa, kamar yadda ake gani a fadar Alhambra ta Garnaɗa da babban masallacin Ƙurɗuba. Sunan tayil ɗin ma da Sifaniyanci, azulejo, daga Larabci ya fito.

Masana harshe sun ƙiyasta kalmomin Sifaniyanci masu asali da Larabci sun kai wajen 4,000, kuma wasunsu mu ma daga rijiya ɗaya muka ɗebo su. Shugaban gari su alcalde suke ce masa, mu kuma muna da alƙali, duka daga al-ƙadi. Suna cewa azúcar muna cewa sukari, suna cewa aceituna muna cewa zaitun, suna cewa limón muna cewa lemo. Kalmarsu ta hasta ita ce hatta tamu. In suna fatan wani abu ya faru sai su ce ojalá, wadda in ka bi asalinta sunan Allah ne a ƙarshenta, kamar yadda muke cewa in sha Allahu. Ita kanta dafa-dukar shinkafar nan da suke alfahari da ita, mai suna paella, wadda ake kawowa a babban faranti kowace Lahadi, daga yankin Balansiya ta fito, inda Musulmi suka yaɗa noman shinkafa, kuma za'afaran ɗin da ke ba ta launin rawaya shi ma sunansa na Larabci yake amsawa. Ko bakan da ke kan ƙofofin, wanda ya taɓa shiga tsohon soro a Zariya ko Kano ya ɗaga kai ya ga bakan gizo, ya san maginanmu ba su jira kowa ya koya musu lanƙwasa gini ba.

Saboda haka Bahaushe ya shiga wurin nan da rigarsa da hularsa, kansa a ɗage. Mu da babbar riga muka ci abincin dare kullum, ba wanda ya hana mu kujera, sai ma wasu Turawa da suka zo suna tambayar ina ake yin irin wannan aiki na wuya.

Amma fa a yi hattara da abin da ke cikin faranti, domin Sifaniyar bayan 1492 ta rungumi naman alade da giya ƙwarai. Ga kalmomin da ya kamata mai tafiya ya rubuta a takarda ya sa a aljihu: cerdo shi ne alade, jamón da chorizo da tocino duk daga jikinsa ake yin su, manteca kuma sau da yawa kitsensa ne. Jan abin shan nan mai yankakken lemo a ciki da ake kira sangría, wanda ya yi kama da zoɓo, giya ce. In ka ce sin cerdo kana nufin ban da alade, sin alcohol kuma ban da barasa. Mafi sauƙi shi ne mutum ya tsaya ga pescado, watau kifi, wanda a ranar aka kamo shi, da shinkafa da ayaba da 'ya'yan itace, kuma ya tambayi kuku abin da ya sa a cikin paella kafin ya ɗiba. Alƙibla daga Malabo arewa maso gabas take, kusan yadda muke fuskanta a Duwala. Wanda zai yi ƙasa da kwana huɗu ya yi ƙasaru, wanda ya yi niyyar kwana huɗu cikakku kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya, sai ya cika sallarsa.

ABIN DA KE BAYAN KATANGA

Sifaniyar da ke cikin katanga ta tayil ce da gita. Akwai wata Sifaniyar da ta yi mulki a tsibirin nan da gaske, kuma ba a rataya hotonta a bangon otel. Masu ƙasar na asali su ne ƙabilar Bubi. Wajen 1472 wani matuƙin jirgin ruwa na Fotugal mai suna Fernão do Pó ya iso, daga nan aka riƙa kiran tsibirin Fernando Po. A 1778 Fotugal ta miƙa shi ga Sifaniya. A 1827 Turawan Ingila suka kafa sansani a arewacinsa, suka sa masa suna Port Clarence, don jiragensu masu farautar 'yan fataucin bayi. Bayin da aka 'yanta aka sauke a nan, da waɗanda suka zo daga Saliyo, su ne kakannin jama'ar da ake kira Fernandino, masu magana da Pichi, wani irin Turancin buroka ɗan'uwan wanda muke ji a Limbe. Garin nan ne Sifaniyawa suka koma kira Santa Isabel, sa'an nan a 1973 ya zama Malabo.

Arzikin tsibirin a wancan zamani koko ne, wanda ake yin cakulan da shi. Daga nan ne ma, kamar yadda ake koyarwa a makarantun Gana, maƙerin nan Tetteh Quarshie ya ɗauki irin da ya shuka a Mampong a 1879. Amma gandun koko yana cin hannuwa da yawa, Bubi kuwa ba su da yawa, cututtukan da baƙi suka kawo sun rage su, kuma sun ƙi aikin gandu iyakar iyawarsu. Sai aka shiga nemo leburori daga gaɓar Afirka ta Yamma. A 1930 wani kwamitin bincike na majalisar ƙasashen duniya ta wancan lokaci, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tabbatar da cewa ana kama mutanen Laberiya da ƙarfi ana tura su gandayen Fernando Po, abin da ya sa shugaban ƙasar, Charles King, ya yi murabus a shekarar. A 1942 kuma aka ƙulla yarjejeniya tsakanin Turawan Ingila masu mulkin Nijeriya da Sifaniya, aka riƙa ɗibar leburori ta Kalaba, yawancinsu Ibo da Ibibiyo da Efik, har suka kai dubun dubata. Su ne suka laƙaba wa tsibirin suna Panya, daga España, kuma jaridun Nijeriya na lokacin sun sha kuka game da bulala da ƙarancin lada da suke fama da su.

Ƙasar ta sami 'yanci ran 12 ga Oktoba 1968, amma wahala ba ta ƙare ba. A ƙarƙashin shugaba na farko, Macías Nguema, an kashe jama'a da yawa, wasu suka gudu, har gwamnatin Nijeriya ta kwashe dubban 'yan ƙasarta a 1975 da 1976. Da tafiyarsu noman koko ya durƙushe. An hamɓarar da Macías a Agustan 1979, shekarar da tsibirin ya sami sunan Bioko. Kuɗin da ya gina tituna da otel-otel ɗin da ake gani yanzu na man fetur ne, wanda aka fara haƙowa sosai a tsakiyar shekarun 1990.

Me ya kawo wannan dogon tarihi a cikin maganar hutu? Dalilin yana tsaye a gefen teburinka riƙe da faranti. Daga cikin masu kawo mana abinci akwai wani dattijo mai furfura, wanda da muka gaisa da buroka ya shaida mana cewa mahaifinsa ta Kalaba ya zo aikin koko, mahaifiyarsa kuma Bubi ce. Sauran ma'aikatan, masu wanki da masu shara da masu yankan ciyawa, da yawansu 'yan Kamaru ne da 'yan Mali da 'yan Benin, baƙin haure da masu takarda, kowa ya baro iyali ya zo neman abinci. A daren na biyu wani ɗan'uwanmu da ke teburin kusa da mu, wanda ba zai wuce shekara talatin ba, ya ƙyasta wa dattijon nan yatsa ya yi tsaki, ya ce, "Kai, zo nan!" Dattijon ya zo da sauri yana murmushin da aikinsa ya wajabta masa. Ɗalibinmu ya sunkuyo ya ce mana, "Malam, wallahi kullum haka ne, kuma namu sun fi Turawa yi." Bayan an tashi muka ja saurayin gefe muka ce, "Alhaji, mutumin nan ya haife ka. Da a New Bell ne wani ya yi wa Baba haka a bakin shagonsa, yaya za ka ji?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ai ya biya kuɗinsa ne.

Wannan amsa ita ce ta fi kome damunmu a tafiyar. Kuɗin da ya biya na ɗaki ne da abinci, ba a sa mutuncin kowa a cikin rasit ba. Mu da muke zaune a ƙasashen da ake kiranmu baƙi ko da an haifi kakanninmu a cikinsu, mu da muka san zafin a tsayar da mutum a hanya a ce ina takardarka saboda rigar da ke jikinsa, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin darajar mai neman abinci a ƙasar wani. Illar awarwaron roban nan ke nan in mutum ba shi da tarbiyya, ya kan sa talaka ɗan talaka ya ɗauki kansa Baturen gandu na kwana uku. Ga wanda ya san tarihin Panya, babu abin da ya fi muni kamar ganin baƙar fata yana kwaikwayon wannan hali a wannan tsibiri.

Ran Juma'a ɗalibinmu ya kai mu cikin gari. Mun ga babbar majami'ar Santa Isabel mai hasumiya biyu, wadda aka gina tsakanin 1897 da 1916, ta kuma yi gobara a Janairun 2020. Mun biya ta gandun Sampaka a bayan gari, wanda aka kafa a 1906, inda har yanzu ake shanya koko. Sa'an nan muka yi salla a babban masallacin da aka buɗe a 2015. A can muka tarar da 'yan'uwa, masu tsire da masu tireda da masu ɗinki, domin Hausawa sun daɗe suna fatauci a ƙasar, kuma kamar yadda yake a kudancin Kamaru, duk Musulmin da ya sa doguwar riga Hausa ake ce masa. Wani tsoho ya riƙe hannunmu ya ce, "Malam, sannunku da zuwa. Mukan ga hotunan yaranku a waya suna otel, amma ba mu taɓa ganin ƙafarsu a nan ba." Muka ce, "Baba, in Allah Ya so za mu isar da saƙo." To, ga shi mun isar.

Akwai kuma maganar aljihu a ciki. Tsarin nan na biyan kome a dunƙule an yi shi ne don kada baƙo ya ga dalilin fita, saboda haka mai tasi da mai kifi da mai tsiren gari ba sa ganin ko dala daga hannunsa. Wanda ya je, ya ware rana guda ya fita ya ci abinci a gari, ya yi tsaraba a kasuwa, ya ba mai gyara masa ɗaki tukuici hannu da hannu. Wanda kuma sai ya ci bashi ko ya taɓa jarin shago kafin ya je, to ya haƙura. Mun san gidajen da aka koro yara daga makaranta a watan Janairu saboda kuɗin zango na biyu ya tafi a hotunan Disamba. Tekun da ke Kribi da Limbe shi ne dai wanda ke Bioko, kuma motar haya tana zuwa.

Ga mai niyyar tafiya da halinsa, ga 'yan shawarwari. Ya je ofishin jakadancinsu ya tabbatar da ƙa'idar shiga kafin ya sayi tikiti, ya riƙe fasfo da katin allurar shawara, kuma kada ya fita gari ba takarda a jikinsa, domin akwai shingayen bincike. Kada ya ɗauki hoton fadar shugaban ƙasa ko barikin soja ko filin jirgin sama, hukuma ba ta wasa da wannan. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwan sama ya ɗauke, domin tsibirin na da ruwa ƙwarai, har ƙauyen Ureka da ke kudu yakan sami sama da milimita 10,000 a shekara. A watannin ne kuma manyan kunkurun teku suke fitowa yin ƙwai a gaɓar kudu. Ya kwana cikin gidan sauro ko ya sha maganin rigakafi. Sa'an nan mu 'yan tudu mu tuna cewa teku ba kogin Binuwai ba ne, wanda bai iya ruwa ba kada ya wuce gwiwa, kada kuma a saki hannun yaro.

Ga iyayen da suka tambaye mu, amsarmu ita ce kada ku hana wanda ya tara halaliyarsa zuwa, amma ku zaunar da shi kafin ya tafi. Ku gaya masa adon da zai gani yana da gadon Andalus a cikinsa, don haka ba abin da zai sa ya raina kansa. Ku gaya masa ƙasar da zai taka ta sha gumin leburori baƙaƙe irinsa, don haka ya gai da mai kawo masa abinci kamar yadda zai gai da ƙanin ubansa. In ya dawo kuma, bayan an gama kallon hotuna, ku tambaye shi ko ya je masallacin gari, da wa da wa ya gaisa, kuma mene ne sunan mutumin da ya yi masa hidima kwana uku. Amsar da ya bayar za ta nuna muku ko tafiyar ta zama mabuɗin ilimi gare shi.

A wata mai zuwa, in muna da rai da lafiya, za mu koma kan wasiƙunku game da kuɗin makaranta. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya ba mu ikon riƙe mutuncinmu da na jama'a a duk inda muka sauka, amin. Wassalam.